Katin Asibitin Yayana

Yayana ya samu taɓin hankali a shekarar da ya bar aikin masinja a Samaru. Na ɗauko shi, na kawo shi gidana a Muciya. Ni mahauci ne a kasuwar Sabon Gari, ban yi boko ba.

Da farko tare muke zuwa asibiti duk wata. A cikin mota yakan yi ta magana shi kaɗai, mutane suna matsawa gefe. Kunya na ji, gaskiyar ke nan. Sai na koma zuwa da katinsa ni kaɗai in karɓo magani. A ce, "Ina mai jikin?" In ce, "Yana gida, da sauƙi." A ce in zo da shi wata mai zuwa a auna shi. In ce to. Shekara uku ina cewa to.

Maganin ya kwantar da shi, ya kuma buɗe masa ciki. Kullum ina dawo masa da kitse da kayan ciki, matata ta soya. Taba ma ni ke sayo masa, don in ya samu ba ya damun kowa. Ya yi ƙiba har rigunansa suka daina shigarsa. Abokan sana'ata in sun gan shi a kan benci a ƙofar gida sai su ce, "Kai, wannan sa naka ya isa yanka!" Har shi a dariyar. Ni kuwa daɗi nake ji, a zatona lafiya ce ta samu.

Wata Juma'a zan fita ya tsayar da ni.

"Kai, kamar an ɗora mini turmi a ƙirji."

"Wa ya ɗora?"

"Ban sani ba."

"Yaya, ka dai sha maganinka?"

Na ɗauka taɓin hankalin ne ya motsa. Na wuce masallaci.

Ranar Lahadi ya faɗi a bakin famfo yana alwala. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma masu irin lalurarsa dole a riƙa duba musu hawan jini da suga da nauyin jiki. Ya tambaye ni yaushe rabon da a auna shi.

A zaman makoki Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe hannuna a gaban mutane, ta ce, "Duk wata kai ke kai ɗan'uwanka asibiti, ba ka taɓa gajiya ba. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Har ta rasu ban faɗa mata ba.