Ranar da ƙofar garejina ta ƙi buɗuwa

Ƙofar garejina ta ƙi buɗuwa, ga injin ban ruwa a ciki, ga tumatirina a gona ya fara yaushi. A Bunkure ne, zamanin da wayar hannu ta fara shigo mana. Damshin kanal ya ci gindin ginshiƙin, ƙofar ta zauna a ƙasa.

Na ɗauko guduma zan fasa ta, sai ga Malam Sale, maƙwabcina a gona. Mun daina gaisawa tun da ya tare min ruwa ya juya wa shinkafarsa.

Ya ce, "Haba Alhaji, in ka fasa ta, kai za ka koma gadin injin?"

Na ce, "Wa ya kira ka?"

Ya ce, "Ba don kai na zo ba, tumatirin nake tausayi."

Ya kawo jak ɗin mota ya ɗaga ƙofar, muka janyo injin. Washegari muka zuba wa ginshiƙin kankare.

Mai gini kusa da kanal, ko kuɗinka kaɗan ne, fara da kankaren gindi, fenti ya jira.

Tumatiri ya yi kyau, alhamdulillahi. Kwandon farko gidan Sale na aika, ban dai je da kaina ba. Allah Ya saka masa.

Ku fa, wa ya taɓa taimakonku kuna fushi da shi?