Wasalin da Baba Mai-alli Bai Sa Ba

Ku yi haƙuri da ni, 'yan'uwa ma'aikata na da da na yanzu. Ban saba ɗaukar alƙalami in dami mutane ba, na kuma san kowa da hidimarsa. Abu biyu ne suka sa ni dole: haƙƙin wanda ya rasu, da wani duro guda da ya bar mana a rumfar shara, wanda har yau mun kasa sanin abin da ke cikinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Mai-alli, mai kula da rumfar sharar guba ta masana'antarmu, bayan kwana biyu a asibiti. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a ɗan ofishin da ke bakin rumfarsa. Ni ce mai sa hannu a takardar duk duron da zai fita.

Baba, ranar da na fara aiki ka nuna mini durorin ruwan asid a gabas, na sauran magunguna a yamma, ga jan layi a tsakani. Na tambaye ka dalili. Ka ce, "Surukai ne, Malama. Su gaisa daga nesa. Ranar da suka zauna wuri ɗaya, ni da ke sai dai labari." Na yi dariya a lokacin. Daga baya na gane hayaƙin da za su tayar idan suka haɗu ba ya jiran mutum ya kai ƙofa.

Ban manta ranar da ruwan wani duro ya fallatsar mini a hannu ba. Ka jawo tiyo ka sakar mini ruwa, ka kau da kai don na naɗe hannun riga. Da na ce ya isa, ka ce, "Bai isa ba. Kama tilawa, sai kin kai rabin izu." Ko tabo ban samu ba. Haka kuma ranar da wani direba ya so juye ruwan wankin tanki a magudana, ba ka ɗaga murya ba. Kujerarka ka ɗauko ka ɗora a kan murfin magudanar, ka zauna, ka ce masa ruwan nan a unguwar da ke bayan katanga yake ƙarewa, in zai zuba ya fara ta kanka. Ya yi ta mita yana kiran ka tsoho mai taurin kai. Shi ya fi kowa kuka a makabarta.

Ga inda damuwata take. Takardar da ake mannawa a jikin duro takan ɓare saboda tururi, shi ya sa Baba yake rubuta nasa da alli, da ajami. Duron da bai cika ba, wanda za a iya zuba masa irinsa, sai ya rubuta "ƙara". Wanda bai yarda da shi ba, ya rubuta "kar". Baƙaƙensu ɗaya ne a hannunsa, kaf da ra. Wasali ne kaɗai ke raba su, shi kuma ba ya sa wasali sai ya tsoma takardar gwaji ya ga launinta. Ranar Litinin ya rubuta baƙaƙen biyu a jikin duron nan, kafin ya sa wasali jiri ya ɗebe shi. Allin a kan murfin muka tsince shi.

Duron shuɗi ne, mai lotsawa a gefe, a layi na uku, rabinsa da ruwa, takardarsa ta ɓare. Motar kwasar shara za ta zo Alhamis mai zuwa, kuma sai bayan wata uku take dawowa. Shugaban sashe yana so a cike shi da ragowar asid a tura. Ban ga laifinsa ba, rumfa ta cika. Ya ce mini, "Hajiya, ke da kika yi allo, ai ƙara aka rubuta." Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya yi allo ne ya san ba a karanta abin da ba a wasalta ba." Na zagaye duron da igiya, na ƙi sa hannu. An aika samfuri ɗakin gwaji, sun ce kwana goma. Tsorona kada a gaji da ni a sa wani ya sa hannun, alhali mutum huɗu ne za su tsaya a kan duron ranar da za a zuba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa amanar da ka riƙe ta zame maka inuwa ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, uwargidan Baba, da 'ya'yansa biyar da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Wanda duk ya tuka motar ɗaga kaya ya kawo shuɗin duron nan rumfa, ko ya san sashen da ya fito, ko da ya bar aiki, don Allah ya ba ni amsa kafin Laraba. Layi ɗaya ma ya ishe ni.