Yahuza Mai Kifi da Hanyar da Aka Gyara

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin kogin Wudil ya san Yahuza, ko bai san sunansa ba ya san kekensa. Baƙin keke ne, tsoho tukuf, an ɗaure masa daro a kariya, bayan sirdi, da yankakken tiyub. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan: ya sari kifi a hannun masunta, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya taka zuwa ƙauyukan da ke bayan Ɗankaza kafin rana ta yi zafi. 'Yan acaɓa sun yi masa tsiya har sun gaji, wai ya sayar da wannan ƙarfen ya sayi babur. Ina! Cewa yake babur ba ya bari a gaisa da mutane.

Kuma ba ya bin kwalta, ta daji yake yankewa. Da farko bakin kogi ne, rairayi mai laushi da ke riƙe taya, sai mutum ya miƙe tsaye a kan feda. Daga nan a shiga kurmin mangwaro, inda jijiyoyin itatuwa suka gitta hanya, keke na tsalle, daro na kuka. An fita kurmi sai fako, fili fetal, ba komai sai sabara da geza da tsakuwa mai ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya. A ƙarshen fakon akwai ɗan kwari da ruwan sama ya zaizaye. Da ka gangara ka haura, ka karya hagu, ga gidan Ikilima mai tuwon sayarwa, wadda ke kwashe rabin daron kullum.

To, abin da ba wanda ya sani shi ne, Yahuza ya daina gani.

Daga gefe abin ya fara ci, a hankali, kamar gara a jikin tabarma. Ya ce wa matarsa Yelwa zai shiga Kano neman kayan keke, ya zarce asibitin ido. Likita bai ɓoye masa ba: hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya saura ma tafiya yake yi. Kafin a yi damina biyu bai rage masa komai ba sai bambanta haske da duhu.

Bai gaya wa kowa ba, har Yelwa. Ya san halinta sarai. Ranar da ta ji, ranar za ta sa a jingine keken nan a bayan ɗaki, ko da kuka ko da rantsuwa. Shi kuwa ba gona gare shi ba, ba wata sana'a, 'ya'yansa mata ne duk suna ɗakunan mazajensu. Ban da haka ma, yana son keken nan, so na gaske. In yana kai, shi mutum ne kamar kowa.

Sai ya koyi zaman ɓoyo. Kifi dai hannu ya san shi, tarwaɗa ba ta yi kama da ƙarfasa ba. Mutane kuma murya ta isa. A gida ne yake ɗan shan wuya.

"Malam, wai me butar nan ta yi maka ne?" in ji Yelwa. "Kullum sai ka yi ƙwallo da ita."

"Ke ce ba kya ajiye ta inda ya dace," ya ce, ya haɗe rai don kada ta ƙara.

Hanya kuwa ƙafarsa ce ke karanta masa ita. In feda ta yi nauyi, yana bakin kogi. In sirdi ya fara dukansa, yana kurmi, har ya san wace jijiya ce ke biye da wace. In tsakuwa ta yi magana, fako ne. In keke ya zura da kansa, kwari ne, sai hagu. Ya riƙa kaɗa ƙararrawa ba ji ba gani don a kauce masa, jama'a suka ce tsufa ya mai da Yahuza mai surutu. Haka ya yi ta yi, wallahi ko akuya bai taɓa takewa ba.

Ƙarshen damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ya daɗe bai fita ba. Yana samun sauƙi sai ga Labaran, masuncin da yake sara a wurinsa, ya zo dubiya bakinsa har kunne.

"Albishirinka, Yahuza!"

"Goro."

"An gyara maka hanya! Zaɓe ya matso, wani mai neman kujera ya turo gireda da tifofi. An sare jijiyoyin nan, an cike kwarin, an zuba burji tun daga kogi har gaba da Ɗankaza. Sumul! Yanzu ko idonka rufe za ka je."

Yelwa ta leƙo daga tsakar gida tana ta godiya ga Allah, wai bayan Malam zai huta. Yahuza ya ce, "Alhamdu lillahi." Amma tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a gaban likita.

Duk da haka ya fita. Me zai ce ya hana shi? Ya cika daro, ya yi bisimilla, ya hau.

Tun takun farko ya san an gama da shi. Feda ba nauyi. Ƙara ɗaya ce a ƙarƙashin taya, shuuu, ba ta sauyawa. Ya sa rai inuwar kurmi za ta faɗo masa a fuska, ashe an sare mangwarorin bakin hanya don a faɗaɗa ta. Ya yi ta takawa yana jiran keke ya zura da kansa. Bai zura ba. Kai, wannan gyara! An share wa mutum hanyarsa tas, ana kuma jiran ya yi godiya.

Rana ta take. Ya tabbata ya wuce inda yake karya hagu, amma da nawa? Yana wannan tunani tifa ta danno oda a bayansa. Ya kauce a gigice, taya ta zame a gefen burji, sai ga shi a ƙasa, keke gefe, daro gefe. Ya rarrafa yana lalube, yana tsintar kifi cikin jar ƙasa. Da ya tayar da keken ya riƙe, sai ya tsaya. Ina gaba? Ina baya? Rana tana tsakar ka, ba ta nuna gabas ba ta nuna yamma. Kifin ya fara wari.

"Baba Yahuza? Me kake yi a nan? Ai ka baro garinmu can baya."

Gwadabe ne, mijin Ikilima, yana dawowa daga gona da ƙafa.

"Sabuwar hanya na ce bari in gani," in ji Yahuza, yana murmushi.

Gwadabe ya daɗe da miƙo hannu don su gaisa, hannun yana nan a sarari ba a karɓa ba, tsohon kuma wani gefe daban yake yi wa murmushin.

"Inna lillahi. Baba, tun yaushe?"

"Don girman Allah, Gwadabe, kada Yelwa ta ji."

"Haba Baba. Ai ni zan kai ka har hannunta."

Yahuza ya so ya hau, ya ce a nuna masa gabas kawai. Gwadabe ya ƙi, ya ce tifofi na tafe. Ya karɓi kan keken, ya kama hannun tsohon ya ɗora masa a kan kariya. Suka kama tafiya, Gwadabe na turawa a gaba, Yahuza na biye a baya, kai a sunkuye, riga duk jar ƙasa. Bai taɓa bin keken nan ta baya ba. Hawaye ya zubo masa, bai sake kariyar ya share ba don yana tsoron ya rasa ta.

Wata mota ta rage gudu kusa da su, irin waɗanda a da ba sa iya biyowa ta nan. Gilashi ya sauka, ƙamshin turare ya fito, wata mata ta ce, "Bawan Allah, ungo." Kafin ya gane, an cusa masa takardar kuɗi a ɗaya hannun.

Ya buɗe baki zai ce shi ba bara yake yi ba, shi mai kifi ne, wannan kekensa ne. Motar ta riga ta ja. Sai ya ji bakinsa, ba da izininsa ba, ya ce, "Allah ya karɓa."