Shirun da na zuba a muryar Yaya

Katin memwar ɗin bai kai farcen babban yatsana ba, amma duk abin da ya rage na muryar yayana yana ciki. Ya rasu a wurin haƙar zinari, can arewa. Wani abokin aikinsa ya kawo mana fasasshiyar salularsa har Gure, ya ce marigayin yakan ɗauki saƙon murya don Inna, mahaifiyarmu, amma babu rezon waya a can balle ya aiko.

Lokacin Inna na kwance. An sallamo ta daga likita a Damagaram, aka ce mu je gida mu ci gaba da addu'a, kowa kuwa ya san ma'anar wannan. Ba ta roƙe ni kai tsaye ba. Bango ta kalla, ta tambaya wai ko ana jin abin da ke cikin ɗan abin nan. Na ce ana ji mana. Wallahi ban san ko ana ji ba.

Rubuta manhaja na karanta a Yamai, ga shi ranar amfaninsa ta zo. Zafi ya ci katin. Duk karantawar da na yi sai wani wurin ya ƙara lalacewa. Manhajar da na haɗa ta dogara ne da wani tarin lambobi da wasu suka rubuta don fito da sauti, mu ƴan sana'ar bibiliyotek muke ce masa. Shegen taurin kai ne da shi. Sai ya nemi memwar mai yawa gaba ɗaya, tsohuwar odinatata, wato kwamfutata, ta ce ba ta da shi, ya mutu. In ya ci karo da wuri ɗaya da ya ɓaci, ya mutu. Na zage shi, na zagi odinatar, na zagi kuran, wutar nan da ke ɗaukewa tsakar rana. Ta bangon zana ina jin tarin Inna, tsoro ya cika ni kada ta riga ni.

Sai da na zauna na karanta cikinsa na ga masu shi, Allah ya saka musu, sun bar ƙugiya uku da mutum zai rataya nasa aikin a madadin nasu. A ta memwar na sa ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan, kamar mai awon hatsi da ƙaramar tiya. A ta karanta fayil na hana shi komawa inda ya riga ya taɓa. Ta kuskure ce ta tsayar da ni. In ya iske rami, me zan ce ya yi? Ba ni da abin cikewa, kuma ba zan ƙirƙira wa mamaci magana ba. Na ce ya zuba shiru daidai tsawon abin da ya ɓace, ya ci gaba, kada ya tsaya ko me ya gani.

Ban tsaya gwaji ba, don katin ba lalle ya jure wani karatun bayan wannan ba. Da la'asar na ɗauki odinatar na ajiye a bakin tabarmarta.

Muryar ta fito, a dishe, da iska a bayanta.

“Inna, ina wuni?”

Sai rami. Yaya ɗan fari ne, kunyarsa take tun haihuwarsa. Ba ta kama sunansa, in ya gaishe ta kai kawai take kawarwa. A cikin shirun nan sai na ji ta ce, “Lafiya lau.” Ya tambayi awaki, wani ramin ya zo, ta ce masa jar ta haihu. Duk inda na zuba shiru sai ta sa amsa. Ni dai na dafe baki, hawaye na zuba.

Daga nan ya ce, “Inna, akwai maganar da na daɗe ina so in...”

Ban sake jin komai ba. Na dubi allon, na ga duk sauran ya ɓaci har ƙarshe, manhajar na ta zuba shiru kamar yadda na umarce ta. Na miƙa hannu zan kashe, Inna ta riƙe mini wuyan hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

“Bar shi,” ta ce. “Nauyin baki ne da shi. Zai faɗa.”