Rabin Majigin da Muka Nuna

Edita, in ka shiga Ƙofar Taramniya ka tambayi wanda ya fi kowa baki, ko kurma zai nuna maka shagona. Ni ne telan da ake kawo wa ɗinki don a ji hira, a koma gida an manta ba a karɓi rigar ba. Na sha gaya wa 'ya'yana cewa da bakin nan na ceci samarin gari guda daga hannun masu fataucin mutane. Yau dai zan faɗi yadda abin ya faru, tun da waɗanda suka gani suna raye.

Zamanin soja ne, kuɗin man fetur sun buɗe ido, kowa na ganin in bai je Ikko ba an raba arziki ba da shi ba. Ina da aboki, malamin makaranta, Kirista daga ƙasar Jos, yana zaune Runjin Sambo. Wani dillali ya taɓa yaudarar ƙanensa da alkawarin aikin kamfani, aka wuce da shi wata gona can cikin kurmi, aka tsare shi yana bauta ba ko sisi, sai da ƙyar ya gudo. Abin ya tsaya wa Malam a rai. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa na sayen babur, shi sai ya sayi tsohuwar kyamara. Ya bi waɗanda suka kuɓuto yana ɗaukar su, ya haɗa majigi faifai biyu. Na farko yana nuna yadda ake yaudara, na biyu abin da ake tararwa. Ba hukuma a ciki, ba kamfani, aljihunsa ne kawai.

Majigin ba ya magana, don haka ana buƙatar mai sharhi da lasifika. Ana kuma buƙatar wanda zai fito a matsayin dillali a faifan farko. Duka biyun na ce ni. Na ɗinka wa kaina babbar riga wadda sai an tsaya an yi mata sallama, na ari agogo da rediyo, na jingina da motar wani Alhaji kamar ubana ya bar min ita.

Muka ɗora kaya a a-kori-kura muna bin ƙauyuka. Malam kullum yana roƙona in rage gishiri, ni kuwa in na ji dariyar mutane sai in ji kamar an ƙara min fetur. A wani ƙauyen manoman shinkafa bayan Wamakko na kai maƙura. Da hotona ya fito a farin ƙyalle, sai na shiga muryar dillali. Na ce a Ikko leburori da cokali suke cin kaza, ruwan famfo ma da sukari yake zuwa, wanda ya yi wata uku sai ya dawo da keke biyu, ɗaya na hawa ɗaya na kallo. Mutane har faɗuwa suke. Ana gama faifan farko injin wuta ya yi tari ya mutu. Muka ja igiya har hannunmu ya yi kanta, ya ƙi. Malam ya so ya tsaya ya yi bayani da baki, ni na hana, na ce ai sun gane wasa ne, mu tafi, ma dawo wani jiƙon.

Ba a rufa mako ba, ina kan keken ɗinki da hantsi, sai ga wani dattijo da samari biyu, kowa da ƙunshin kayansa. Ya durƙusa ya gaishe ni da Alhaji, ni da ko filin jirgi ban sani ba. Ya ce 'ya'yansa ne, ya kawo min amana in kai su wurin kazar nan. Na yi dariya, shi bai yi ba. Da na ce ni tela ne, sai ya ce to ba komai, dama akwai wani mai kai samari Ikko da ya zo ran kasuwa, wanda ya ce motarsa za ta tashi bayan sallar Juma'a, samari da yawa sun ba shi hannu. Shi dai ya fi yarda da ni ne don ya gan ni a majigi. Wallahi edita, zufar da ta karyo min ta isa a jiƙa gero. Ashe ni na yi wa ɓarawo sharar hanya.

Na bar shago buɗe na ruga makarantar Malam. Na kwashe labari na gaya masa. Ya ari injin wani mai walda, ya je ya ɗauko ƙanen nasa, wanda tun dawowarsa ba ya son shiga taro. Muka koma ƙauyen, ba mu jira duhu ba. Mai gari ya ba mu zaurensa, aka toshe ƙofa da tabarmi, ana shiga rukuni-rukuni. Na miƙa hannu zan ɗauki lasifika, Malam ya dafe ta, ya nuna min ƙasa. Na zauna.

Faifai na biyu ya tafi shiru, ba a jin komai sai ƙarar inji. Ga mutane kamar kara, ga tabon bulala, ga wata uwa riƙe da hular ɗanta da bai dawo ba. Can sai ƙanen Malam ya tashi, da Hausarsa ta 'yan Jos, ya ɗaga riga ya nuna musu bayansa, ya ce wanda ke cikin hoton nan shi ne. Bai fi magana biyar ya yi ba. Ran Juma'a dillali ya zo ya tarar da iyaye zaune bakin hanya da sanduna, ya juya. Saurayi ɗaya ne ya riga ya bi shi tun farko, shi ma Allah Ya dawo da shi bayan wasu shekaru, a rame, amma da ransa.

Mun ci gaba da yawo da majigin har ya tsufa, sai dai daga ranar faifai na biyu muke fara sawa. Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne, mai sayar da mutum ba ya zuwa da igiya, da daɗin baki yake zuwa, irin nawa sak. Duk wanda ya yi wa ɗanka alkawarin aiki a nesa, bai faɗi wurin ba, bai yarda ka bi sawu ba, kada ka ba shi ko akuya. Masu baki irina kuma, in za ku yi gargaɗi, kada ku tsaya a rabi.

Dattijon nan ya zama aminina, duk kaka da buhun shinkafata. Bara ya same ni a shago ina ba yara labarin yadda na ceci garinsu da baki. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "Awo, tela, ka cece mu. Tun da nike da kai, ban ga aikin kirkin da ka yi ba irin na ran da anka hana ka magana."