Lemun Citta na Laure

Sauda na tankaɗe a ƙofar madafi aka yi sallama, aka ce Laure ta cika bayan asuba. Rariya ta suɓuce mata. Ta ce innalillahi, ta jawo mayafi, ko takalmi ba ta nema ba.

Tare suka tashi a Sule Tankarkar, aure ya kawo su Maigatari, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Da mijin Laure ya rasu, lemun citta ne ya riƙe mata gida. Ta daka citta da kanumfari, ta jiƙa tsamiya, ta tace, ta zuba sukari, ta ɗura a gorunan roba ta murɗe bakinsu. Ba ta sanyaya shi nan take. Sai ya kwana a rufe, don ya sami ɗan cizon nan da direbobin manyan motoci suke so. Da safe ta bi gorunan tana dannawa da babban yatsa. Wanda ya fara tauri ta jefa shi randar da ta binne a jiƙaƙƙen yashi, ta ɗora ƙanƙara, sanyi ya tsayar da shi. Wanda ya yi tauri kamar dutse kuwa ya wuce, sai ta tuttular a rariyar gida, ko waiwaye ba ta yi.

Wata ranar kasuwa wani direba ya manta gora a mota, rana ta dafa shi, ya fashe da kumfa da tsami. Hajiya Rakiyya, maƙwabciyarsu, ta ji labari, ta ce ai abin da ake yi a gidan nan ƙanin giya ne. Magana ta zaga unguwa. Masu saye suka ragu, gidajen suna suka daina aike. Sauda ta roƙi Laure ta koma zoɓo.

"In koma zoɓo, a ce na tuba? Daga me?" in ji Laure. "Wanda ya taɓa yin tangaɗi da lemuna a kawo shi in gani."

Ba ta daina ba har ta koma ga Allah.

Bayan an kai ta, mata suka cika tsakar gida. Sauda ta ji wata na raɗa a bayanta: "Allah dai ya yafe mata sana'ar nan." Zuciyarta ta yi zafi. Sai ta tuna gorunan jiya suna nan a ɗaki, rana kuma ta ɗaga. In suka kai la'asar za su fashe a gaban jama'a, maganar ta zama gaskiya har abada.

Ta shiga ta danna su ɗaya-ɗaya, hawaye na ɗiga a hannunta. Ba su wuce ba tukuna. Ta kwashe su zuwa randa, ta aika a sayo ƙanƙara. Bayan azahar ta fito da su a faranti suna raɓa, ta nufi Hajiya Rakiyya kai tsaye, ta durƙusa, ta zuba mata a kofi.

"Hajiya, bismillah. Sadakar mamaciya ce. In haram ne ki faɗa yanzu a gaban kowa, ki daina faɗa a bayan katanga."

Hajiya ta daɗe riƙe da kofin. Sannan ta kurɓa, ta ƙara, ta ce Allah ya jiƙan Laure. Kafin la'asar ba gora ko ɗaya a randa.

Sauda ta zauna a bakin randar, tana tuna yadda suka rabu a nan jiya da yamma, Laure na murɗe gora na ƙarshe.

"Ƙawata, gobe ki shigo da wuri ki taya ni sauke su. Ƙirjin nan ya dame ni. Kada su wuce su ja mini magana."

"Magana kam ai an gama ja miki, Laure."

"To su ƙara. Ke dai ki zo."

"Zan zo."