Farar Rigar Malam Muhuyi

Duk unguwarmu ta Zango, nan bakin teku, mun san Malam Muhuyi da farar riga. Kullum da safe zai fito fes, sai ƙamshin turare, ya ce ya tafi tashar jiragen ruwa. Mun ɗauka ofis yake zama. Ashe yana isa zai rataye rigar, ya shige cikin jirgi da wutar walda, yana yanke ruɓaɓɓen ƙarfe yana liƙa sabo. Da yamma ya dirje jikinsa da omo, ya dawo mana Malam.

Laifin namu ne ma. Jikan fataken goro ne, mu kuwa a unguwar nan wanda ya taɓa ƙarfe maƙeri muke ce masa, ko auren 'yarmu sai ya sha wuya. Shi ya sa da ɗansa Rafiou ya fara kwance rediyo da fanka a gida, uban ya yi masa kaca-kaca, ya tura shi kasuwa tsaron shagon atamfa. Shagon bai yi ƙarko ba. Yanzu Rafiou acaɓa yake yi, wanda a nan ake kira zem, ga iyali.

Bara wata malama, Madam Ikilima, ta gayyaci Malam Muhuyi makarantar koyon sana'a ya kwaɗaita wa ɗalibai gyaran jirgi, don masu yinsa suna ƙarewa. Hasken walda ya riga ya cinye masa ido, sai Rafiou ya goya shi a babur, ya zauna a bayan aji yana jira. Ni ma na je kallo.

Ranar tsoho ya saki baki. Ya faɗi yadda ake ƙwanƙwasa cikin jirgi da guduma a gane inda tsatsa ta ci, da daɗin da mutum ke ji in jirgin da ya ɗinke ya koma teku bai yi yoyo ba. Yaran suna ta latsa waya. Da aka ce mai tambaya ya ɗaga hannu, mutum ɗaya ya ɗaga, daga can baya.

"Baba, shekara nawa ake yi kafin a iya?"

Malam Muhuyi ya gane muryar. Na sha ganin baƙin ciki, amma wannan ya tsaya mini a rai.

"Da na ƙyale ka, da ka iya tuntuni, Rafiou," ya ce. "Hannunka ya fi nawa."